Makullin Sirrin Injiniya

A gidan da muke haya, wani dogon bene mai ƙofar shiga guda ɗaya, akwai mutumin da muke kira Injiniya. Ba wanda ya ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta da jan fenti a allon shagonsa na gyaran waya da ke ƙarƙashin matattakala. In ka kai masa wayar da ba ta caji, za ta dawo tana caji, sai dai ba za ka ƙara jin muryar mai kiranka ba. Ka koma ka yi ƙorafi, ya ce maka ai tun daga kamfani ba su iya haɗa ta ba. Yana auren 'yar shugaban ƙungiyar mazauna gidan, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, wanda ba ya dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Wata rana da tsakar rana wani mutum ya zo ƙofa sanye da riga mai sheƙi, kati na rataye a wuyansa. Ya ce daga hukumar ruwa aka aiko shi ya tafi da injin da ke tura mana ruwa sama, za a duba shi. Mai gadi ya kalli katin, ya ga hoto, ya ga hatimi, ya wangale ƙofa. Har kama masa ya yi suka ɗora injin a bayan mota, ya ɗaga masa hannu yana cewa a sauka lafiya. Da aka bincika, hukumar ba ta taɓa jin labarin mutumin ba, katin kuma a shagon buga takardu aka yi shi.

Aka kira taro a tsakar gida. Masu zama a hawa na sama, waɗanda suka yini suna jidar ruwa da bokiti, suka ce a kori mai gadi. Shi kuwa yana tsaye gefe yana murza hularsa, yana cewa wallahi katin ya fi nasa na gaske kyau.

Nan Injiniya ya miƙe. Ashe makon da ya wuce ya je sabunta katinsa na ɗan ƙasa, yana zaune a layi ya ji wata jami'a tana yi wa sababbin ma'aikata bayanin yadda ake gane katin gaskiya da na jabu. Ya kasa kunne ya ji rabi, sai wayarsa ta yi ƙara ya fita. Da wannan rabin ya dawo gida masani.

"Jama'a," in ji shi, "matsalarku ɗaya ce, kuna rayuwa a zamanin da ya wuce. Hoto da hatimi? Ni nan kafin shayi ya huce zan buga muku katin da zai ce ni matuƙin jirgin sama ne."

"Ai mun yarda," in ji tela, wanda shagonsa ke kallon na Injiniya. "Tunda ka buga allon da ya ce kai injiniya ne."

Injiniya bai kula shi ba. Ya ɗaga yatsu biyu.

"Makulli biyu ne, amma ba na ƙarfe ba, lambobi ne dogaye. Ɗaya na sirri, da shi ake sa wa kati hannu. Ɗaya na fili, da shi ake gane sa hannun. Zan ɗauki sunanka da aikinka da lambar ɗakinka da shekarunka, in sa musu hannu da na sirri, in buga su a bayan kati, ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Mai gadi ya haska da waya. In ni na sa hannu, ta nuna kore. In wani ya taɓa ko harafi ɗaya bayan na sa hannu, ta nuna ja."

Har zuwa nan gaskiya ya faɗa, domin daidai nan jami'ar ta kai kafin wayarsa ta yi ƙara.

"Shekaru kuma?" in ji mai kitso ta hawa na biyu. "Me ya haɗa shekaruna da ƙofa?"

Shugaba ya dubi surukinsa ta saman tabarau. "Ka tabbata ka san abin nan?"

"Baba, in ina barci ka tashe ni, zan haɗa maka shi ido a rufe."

Sai shugaba ya juya wajen mai gadi. "An yafe maka wannan karon. Amma daga ranar da aka fara, babu sauran sanin fuska. Kore ya shiga, ja ya tsaya a waje, ko da ni ne. Ka saɓa, ka tattara kayanka."

Injiniya ya sauke wata manhaja ta kyauta, ya ƙirƙiri makullansa biyu, ya sa wa katunan mutanen gida hannu gaba ɗaya. Da ya gama, ya ce makullin sirri ba zai kwana a kwamfuta ba, ɓarayin zamani suna shiga ta iska. Ya zuba shi a ɗan filashi, abin nan na ajiye bayanan kwamfuta, ya goge na kwamfutar, ya buɗe bayan wata matacciyar waya ya cusa filashin, ya jefa ta cikin buhun matattun wayoyin da ke bayan ƙofa. Ya yini yana yi wa kansa murmushi.

Kashegari ya fita sayo robar lulluɓe katuna, ya bar matarsa a shago. 'Yan gwangwan, masu sayen tarkacen ƙarfe, suka biyo ta layin. Ita kuwa ta daɗe tana jin yana cewa buhun nan ya tare masa hanya, sai ta sallama musu shi, ta share wurin tas.

Da ya dawo ya ga bayan ƙofa fayau, ya tsaya kamar an dasa shi.

"Maman yara, ina buhun?"

"Na raba ka da shi. Ba ka gode ba?"

"Na gode," in ji shi da wata irin murya. Bai gaya mata komai ba, domin mai ilimi ba ya tayar wa iyali hankali.

Ana haka masu gyara suka fara sallama. Tela ya ce a mayar da nasa Babban Tela. Mai kitso ta rufo ƙofar shagon, ta rage murya, ta ce a sauke mata shekaru kaɗan, kuskure aka yi tun a asibiti. Wani ya ce hawansa ba daidai ba ne, wata ta ce an cinye mata harafi. Makullin sa hannu kuwa yana can cikin kurar 'yan gwangwan. Injiniya ya yi tunani, ya ce ai dokar harafi ɗaya don baƙi aka yi ta, waya ba za ta ƙi maigidanta ba. Ya gyara rubutun kowa, ya bar tsohon sa hannun yadda yake. Da hannunsa ya saba, ya ƙara wa surukinsa Mai Girma don ya faranta masa, ya rubuta wa matarsa Matar Injiniya, ya ɗaga kansa zuwa Babban Injiniya.

Ranar farawa da yamma, lokacin da mutane ke dawowa daga aiki, ya fita waje da gangan don ya zama na farkon shiga. Ya miƙa kati ta 'yar tagar ƙofa yana kallon jama'a. Mai gadi ya haska. Ja.

"Goge idon wayar," in ji Injiniya.

Mai gadi ya goge da bakin riga. Ja.

Tela ya miƙa nasa, ja. Mai kitso, ja. Matar Injiniya ta iso da ledar cefane a hannu biyu, yara suna leƙo ta daga taga suna kiran Mama, ita ma ja. Layi ya miƙe har bakin titi. Mutum ɗaya ne ya samu kore, wani ɗan haya da ba ya gaisawa da kowa, saboda haka bai je neman gyara ba. Ya wuce ta tsakiyarmu, ƙofa ta rufe a bayansa.

Hadari ya haɗo. Sai ga shugaba ya dawo daga duba jikinsa a asibiti, ya ratsa layi ya miƙa kati. Ja.

"Kai, buɗe ƙofar nan. Ba ka san ni ba?"

"Na san ka sarai, ranka ya daɗe," in ji mai gadi ta taga. "Kai ka ce in daina sanin mutane."

"To yanzu na ce ka buɗe."

"A taro aka kafa dokar, ranka ya daɗe. In na buɗe, gobe a ce gwada ni aka yi. Ina da iyali."

Ruwa ya sauko. Dole shugaba ya kira taron gaggawa a bakin titi, muna tsaye a jiƙe, aka kawo shawarar dakatar da doka, tela ya goyi baya, aka ɗaga hannu. Sannan mai gadi ya zare sakata. Shugaba ya tsaya gaban surukinsa, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya karanta katin nasa.

"Wa ya ce ka sa mini Mai Girma?"

"Baba, ai wannan nasara ce. Ka ga ko kai ba ta ɗaga wa ƙafa ba. Ina ɓarawo zai bi?"

Shugaba ya yi atishawa, ya hau sama.

Da wani mutum ne, da nan zai tsaya. Injiniya kuwa ya ce an gama gwaji na farko, saura na biyu. Ya ƙirƙiri sababbin makullai, ya zauna ya yi nazarin abin da ya faru, ya gano kurakurai biyu: ɓoye makullin sa hannu a wuri ɗaya, da barin mutane suna damunsa da gyara. Sai ya yi maganinsu a tare. Ya tura makullin sirrin a zauren hira na mutanen gida a waya, haɗe da bayanin yadda kowa zai gyara katinsa ya sa masa hannu da kansa. Na filin kuwa ya saka a wayar mai gadi, ya sa shi ya rantse ba zai nuna wa kowa ba, ko matarsa.

Matar Injiniya ta ga saƙon tana tsaka da guga. Ta ajiye dutsen.

"Baban yara, ba wannan ne ka ce na sirri ba?"

"Suna ne kawai. Yi tunani mana. Wanne ne yake buɗe ƙofa? Na hannun mai gadi. To shi ne abin ɓoyewa. Wannan biro ne kawai, na sa hannu. Kin taɓa ganin an ɓoye biro?"

"Na taɓa ganin an jiƙa mahaifina a titi."

"Shi ya sa ba a yin ilimi da masu riƙo."

Daga ranar ba a ƙara ganin ja a ƙofarmu ba. Tela ya tashi daga Babban Tela ya koma Shugaban Teloli. Mai kitso ta yi ta sauke shekaru har ta dawo ƙanwar 'yarta ta fari. Masu kirki suka tura wa 'yan'uwa makullin don kada su sha wahala in sun zo ziyara, 'yan'uwa suka tura wa abokai. Mai tallan katifa ya fara ƙwanƙwasa ƙofofin hawa na sama da katin da ya ce shi likitan gida ne. Wani ya yi wa kyanwarsa kati, mai gadi ya haska, ya ga kore, ya matsa mata ta wuce.

"Kyanwa fa?" in ji shugaba da labari ya kai masa.

"Kore kore ne, ranka ya daɗe."

Injiniya kuwa sai ƙara faɗin kafaɗa yake. Ba layi, ba ƙorafi, ba wanda ya ƙara jiƙewa a waje. Ya ce abin ya fi ƙarfin gida ɗaya, ƙasa ce ke buƙatarsa. Ya koma ofishin katin ɗan ƙasa, ya yi ta zarya har ya samu jami'ar nan, ya gayyace ta ta zo ta ga yadda ya ƙarasa abin da su suka fara. Ta ga mutum ya nace, ta ce za ta leƙo ranar hutu.

Aka jera kujeru a tsakar gida, aka ɗauko lasifika. Gida ya cika da fuskokin da ba mu taɓa gani ba, kowa da katinsa a wuya. Shugaba yana gaba da mayafin wuya, domin murar ba ta sake shi ba. Jami'ar tana gefensa. Injiniya ya sa kwat a cikin zafin nan, ya kama lasifika.

"Jama'a, yau ƙarya ta mutu a gidan nan. Ina so baƙuwarmu ta shaida, Baba ya shaida. Duk katin da wayar nan ta nuna wa kore, ni na sa masa hannu. Abin da ke rubuce a kansa maganata ce, kuma ba na janyewa, ko a gaban alƙali."

Aka tafa. Jami'ar ta karɓi wani kati ta haska, ta ga kore, ta gyaɗa kai.

"Tsarin ya yi kyau," in ji ta. "To makullin sirrin, a ina kake ajiye shi? Wa yake riƙe da shi?"

Injiniya ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar da yake jira. Ya juya wajen jama'a. "Masu makulli, a nuna mata."

Hannaye suka tashi, kowanne da waya. Tela, mai kitso, mai tallan katifa, mutanen da suka kawo kujerun haya, da wata tsohuwa da ta shigo neman jikarta ta ga taro ta zauna.

Jami'ar ta cire tabarau. "Dukkansu?"

"Har da na ƙauye. Amma kada ki damu, na filin yana ɓoye. Mai gadi, ka nuna wa wani?"

"Ko matata," in ji mai gadi.

Jami'ar ta dubi Injiniya. "Malam, na filin ko a bango ka manna shi ba komai, dubawa kawai yake yi. Na sirrin shi ne hannunka. Duk wanda ke riƙe da shi, a wurin wayar nan kai ne. Abin da ya ga dama zai rubuta, ta ce kai ka faɗa."

Kafin Injiniya ya buɗe baki, tela ya riga ya sunkuya kan wayarsa yana dannawa. Ya miƙe ya nufi mai gadi.

"Haska nan. Karanta wa jama'a."

Mai gadi ya haska fuskar wayar tela. "Kore. An rubuta, mai wannan kati shi ne mai shagon ƙarƙashin matattakala, Injiniya ya bar masa."

"Ƙarya ne!" in ji Injiniya.

"Yanzu ka ce ƙarya ta mutu," in ji tela. "Yaushe zan zo in auna wurin? Keken ɗinkina biyu ne."

Tsakar gida ta kaure da dariya. Kowa ya duƙa kan waya. Wani ya kawo katin da ya ce Injiniya zai riƙa kai masa ruwa hawa na sama kullum, kore. Mai kitso ta kawo wanda ya ce Injiniya ya amsa cewa shi ne ya kashe mata waya, kore. Yana tsakiya yana juyi, kwat ta jiƙe da gumi, yana cewa a bi layi, a yi hankali, wannan duk cikin gwaji ne.

Sai matarsa ta taso daga cikin mata, a natse, ta miƙa wa mai gadi wayarta. Ya haska, ya karanta a zuci, ya dubi shugaba.

"Karanta," in ji shugaba.

"Kore ne, ranka ya daɗe. An rubuta, mai wannan kati ba ta da aure."

Shugaba ya miƙe a hankali, ya gyara mayafin wuyansa.

"Kai. 'Yata ka sallama a rubuce, ka tara mini jama'a da lasifika?"

"Baba! Wallahi ban rubuta ba! Ban faɗa ba, ban yi niyya ba, ko a mafarki!"

"Sa hannunka ne. Ka ce ba ka janyewa ko a gaban alƙali."

"Na janye! Baba, sa hannun nan ba shi da wani amfani, kowa yana da shi, har kyanwa! Hajiya, gaya musu!" Ya juya wajen jami'ar, lasifika na hannunsa bai sani ba, muryarsa na fita har titi. "Gaya musu shirme ne! Wanda ya haɗa abin nan bai san komai ba, rabin bayani ya ji!"

"Wannan kam zan iya shaida," in ji jami'ar.

A nan ne muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Kafaɗun shugaba suka fara rawa, ya toshe baki da mayafi, dariya ta ƙwace masa har da tari, sai da aka kawo masa ruwa. Matar Injiniya ta karɓi wayarta, ta ce wa mijinta abinci yana kan tebur in ya gama ƙaddamarwa, ta hau sama.

A wannan zaman aka soke katunan. Aka ce mai gadi ya koma sanin fuska, baƙo kuma a kira wanda ya zo wurinsa ya sauko ya shigo da shi. Tela ya haƙura da shagon bayan Injiniya ya bi shi har gida da ban-haƙuri. Jami'ar ta tafi da kati ɗaya, na kyanwar, ta ce za ta riƙa nuna wa sababbin ma'aikata.

Matar kuwa ba ta goge nata ba. Ta kai aka buga mata shi, aka lulluɓe da roba, yana cikin jakarta har yau. Duk ranar da aka zauna hira Injiniya ya gyara zama ya ce, "Ai wannan abu ne mai sauƙi, ni nan zan iya," sai ta jawo jakar ta fara zuge zif a hankali. Ba ta taɓa kaiwa ƙarshen zif ɗin ba.